Muhawara: Zanen Bingham a kan jihar Mizuri, shaida ne ko kamfe?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga abin tattaunawa na wannan makon. Littattafan tarihin Amurka da yawa, in sun zo babin yadda ƙasar ta miƙe zuwa yamma, sai ka ga sun manna zanen mutum guda, George Caleb Bingham, wanda tun yana raye ake kiransa mai zanen Mizuri. Shi ya zana fataken nan biyu cikin kwale-kwale da wata baƙar dabba ɗaure a goshin jirgin, shi ne kuma ya zana ranar zaɓe a ƙofar kotun gunduma. An haife shi a Virginia a 1811, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa garin Franklin a bakin kogin Mizuri a 1819, shekara biyu kafin yankin ya zama jiha ta 24 a 1821. Ke nan tare suka girma da jihar. Ni a ganina zanensa shaida ne, ana iya koyar da tarihi da shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Me kuka gani?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu yi nisa, mutumin nan ba ɗan siyasa ba ne? In ɗan siyasa ne to ni na gama magana.

Malam Habibu:
Ranka ya daɗe, ɗan siyasa ne, ɗan jam'iyyar Whig. Amma siyasa ba ta makantar da ido.

Alhaji Garba:
Ba ta makantarwa, tana dai koya wa ido inda zai kalla.

Zulai:
Ina gaishe da iyaye da malamai. Karatu ya kawo ni Columbia a nan Mizuri, kuma ɗaya daga cikin manyan zanensa yana hannun ƙungiyar tarihi ta jihar a garin nan, don haka bari in sa baki. Malam Habibu, ka fara da fataken kwale-kwale, to mu tsaya a kansu. An zana su a 1845. A lokacin cinikin fatun ya riga ya fara mutuwa, domin Turawa sun koma yayin hular siliki sun bar wadda ake yi da gashin dabbar ruwan nan da ake farauta, kuma jiragen ruwa masu tururi sun cika kogin. Jirgi mai tururi na farko ya isa Franklin tun 1819, shekarar da su Bingham suka sauka. Saboda haka abin da ya zana ba Mizurin 1845 ba ce, Mizurin da ya gani yana yaro ce, ko wadda ya ji manya suna ba da labari. Ka duba ruwan ma, lumui kamar madubi. Duk wanda ya tsaya a bakin kogin nan ya san ruwa ne mai laka, mai gudu, cike da kututture. Kututturen da ya sa a zanen ma kamar ado ne.

Kuma ga wani abu. Sunan da shi ya ba zanen yana cewa Bafaranshe ɗan kasuwa ne da ɗansa ruwa biyu, wato uwar yaron 'yar asalin ƙasar ce. Da zanen ya isa New York hannun ƙungiyar da ke saye tana rarraba wa mambobinta, sai suka canza suna, suka mayar da shi fataken fatu suna gangarowa a kogin Mizuri kawai. Uwar ta ɓace daga labarin.

Mamman Maraɗi:
A nan zan shigo, tunda an taɓo Faransawa. Mutane suna mantawa St. Louis garin Faransawa ne tun asali. Pierre Laclède da Auguste Chouteau suka kafa shi a 1764 don cinikin fatu da ƙabilun yankin, musamman Osage. Amurka ba ta samu wurin ba sai 1803 da Napoleon ya sayar da dukan Louisiana a kan dala miliyan 15. Auratayya tsakanin fataken Faransa da matan ƙabilun ba abin ɓoyewa ba ne a can, da ita ma cinikin yake tafiya, domin surukinka shi ne dillalinka. To Bingham bai ɓoye ba, masu kuɗin New York ne suka ɓoye. Wannan maki ne ga Malam Habibu, ba ga Alhaji ba.

Alhaji Garba:
Ya yi ƙara da suka canza? Ko ya karɓi kuɗinsa ya yi shiru?

Ɗan'asabe mai zane:
Alhaji, Allah ya ja da rai, in mai zane zai yi rigima da duk wanda ya biya shi, yara za su kwana da yunwa. Ni allon shago da bayan mota nake zanawa, na san zafin abin. Mutumin nan bai gaji dukiya ba. Mahaifinsa ya tsaya wa wani bashi a Virginia aka ƙwace gonarsu, shi ya sa ma suka yi ƙaura. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe uban a 1823, uwar ta buɗe makarantar 'yan mata tana riƙe gida. Shi kuma aka kai shi koyon kafinta. Zanen fuskokin masu hali ya fara yi gari gari, ana biyansa kamar dala 20 a kan kowane kai. Karatun zane na makaranta da ya yi a Philadelphia a 1838 watanni kaɗan ne. Agana ma ta kama shi yana saurayi ta cinye gashin kansa, har ya mutu da hular gashi yake yawo.

Ni tambayata daban ce. Dabbar nan ta gaban jirgi, kyanwa ce ko me? Kunnuwan na kyanwa ne sak.

Zulai:
Yaya Ɗan'asabe, an daɗe ana wannan musun. Mafi yawa sun tafi a kan ɗan beyar ne, saboda ya sake zana irin wannan jirgin a 1851, wanda yake Detroit yanzu, a can kuwa beyar ɗin ta fito ƙarara. Na farkon yana gidan Metropolitan a New York tun 1933.

Ɗan'asabe mai zane:
To in beyar yake nufi, ranar hannu bai zauna ba. Yana faruwa.

Anti Rabi:
Ku bar dabba ku zo kan mutane. Ni zanen ranar zaɓen na buɗe na ƙara girmansa a waya, na 1852. Na bi shi kusurwa kusurwa, mace ko ɗaya babu. Baƙar fata guda ne, yana gefen hagu yana zuba wa wani ƙaton bature abin sha. Ga wani an rungumo shi ana jan sa zuwa layi, ya bugu ko tsayuwa ba ya iyawa. Ga wani zaune a benci an naɗe masa kai da tsumma, da alama an sha dambe. Yara biyu a ƙasa suna wasa da wuƙa. A saman matakala ɗan takara ya ɗaga hula yana miƙa wa mai zaɓe kati a daidai lokacin da zai yi rantsuwa. Sannan can jikin ginshiƙi an jingina tuta mai cewa nufin jama'a shi ne doka mafi girma. Malam Habibu, wannan yabo ne ko habaici?

Malam Habibu:
Anti, ai kin kawo mini hujja da kanki. Da kamfe yake yi wa ƙasarsa da ya share mashayin, ya share mai fasasshen kai. Ya bar su don haka abin yake. Rashin mata kuwa ba laifinsa ba ne, doka ce ta hana su zaɓe, sai 1920 aka ba su a ƙasar baki ɗaya. Kuma daga zanen ne ɗalibi zai gane yadda ake zaɓen: babu akwati, babu asiri. Ka hau matakala, ka rantse ba ka yi zaɓe a wani wuri ba, ka faɗi sunan wanda kake so da ƙarfi, akawu ya rubuta. A haka Mizuri ta zauna har 1863.

Alhaji Garba:
Ƙato bayan ƙato ke nan, irin wanda muka yi a 1993, sai dai su da baki suke yi mu da layi. Mai gidan da kake haya yana tsaye yana jin ka, wanda kake ci bashi wurinsa yana tsaye. Na san wannan, ba sai an zana mini ba.

Amma Malam ka tsallake abin da ya sa ya yi zanen. A 1846 ya tsaya takarar majalisar jiha a gundumar Saline, ya ci da ƙuri'a uku. Abokin karawarsa Erasmus Sappington, ɗan babban gida, ya kai ƙara majalisa, majalisar kuwa ta 'yan Democrat ce, suka karɓe kujerar suka ba nasu. Sai 1848 ya rama. Har ana cewa mai ɗaga hular nan a kan matakala Sappington ne. To mutumin da aka yi wa haka ya zo ya zana zaɓe da mashaya da masu raba kati, ka ce mini ba shi da ciwo a rai? Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Habibu:
Wanda aka yi wa maguɗi ai shi ya fi kowa sanin yadda ake yin sa.

Anti Rabi:
Kun ga ku biyun magana ɗaya kuke yi, kowa ya kama ta ta wani gefe. Ni abin da ya dame ni shi ne baƙin mutumin nan. Mizuri da bauta ta shiga tarayya, sai da aka yi sulhun 1820 aka haɗa ta da Maine, ɗaya mai bayi ɗaya marar bayi, don kada ma'auni ya karkata a majalisar dattawa. Yankin da Bingham ya tashi, su Arrow Rock da Boonville, nan ne bayi suka fi yawa, suna noman taba da rama. Gidan su Bingham kansu sun mallaki bayi. Babban amininsa James Rollins, wanda ake kira uban jami'ar Mizuri, mai bayi ne. Amma a zane sai ka ga baƙi ɗaya yana zuba giya, a na sanar da sakamakon zaɓe kuma wani yana tura baro. Gonar da ake dukan mutum fa? Kasuwar da ake sayar da shi a ƙofar kotun St. Louis fa, kotun da wani bawa, Dred Scott, ya shigar da ƙarar neman 'yanci a 1846? Wannan bai gani ba?

Ɗan'asabe mai zane:
Anti, ya gani mana. Wa zai saya ya rataye a falo?

Sagir:
Ni fa tambaya nake da ita, zanen mai rai ma ya halatta balle a zauna ana muhawara a kai?

Admin:
Sagir, wannan ta zauren fiƙihu ce, akwai malamai a can. A ci gaba.

Mamman Maraɗi:
In ana maganar waɗanda ba su fito a zane ba, 'yan asalin ƙasar ma haka. Sunan jihar kansa na wata ƙabila ce. Osage sun sa hannu a yarjejeniyar 1808 da ta 1825 suka rasa ƙasarsu a Mizuri aka tura su yamma. Kafin Bingham ya iya riƙe buroshi an kusa gama kwashe su. Wanda yake son ganin fuskokinsu sai ya nemi George Catlin, wanda ya sauka St. Louis a 1830 ya samu William Clark, na tafiyar binciken yammacin Amurka ta Lewis da Clark, yana riƙe da ofishin harkokin ƙabilu. A 1832 ya hau jirgin tururi na kamfanin fatu ya haura kogin. Bayansa Karl Bodmer ɗan Suwizalan ya bi hanyar a 1833 da 1834 tare da wani yariman Jamus, Maximilian. Su biyun duka sun zana wani shugaban ƙabilar Mandan, Mato-tope. A 1837 agana ta shigo ta jirgin ruwa ta kusa shafe Mandan baki ɗaya, har da shi. Zanen nan yanzu su ne abin da jikoki suke dubawa su ga tufafin kakanninsu.

Zulai:
Gaskiya ne Baba Mamman, sai dai ƙauyukan Mandan suna can sama, a North Dakota ta yau. Kogin ne Mizuri, ba jihar ba. St. Louis tasha ce kawai da suka yi guzuri. Catlin kuma ba waliyyi ba ne, ya kwashi zanensa zuwa Landan yana nunawa ana biya, har da mutanen ƙabilu na gaske yana sa su rawa a gaban 'yan kallo, ƙarshe bashi ya karya shi a 1852.

Amma ni ina so mu zo kan zanen da yake nan Columbia, don a nan gizo yake saƙar. Lokacin yaƙin basasa Bingham yana tare da gwamnatin tarayya, ba da 'yan tawayen kudu ba. Har ma'ajin jiha ya riƙe daga 1862 zuwa 1865. A ranar 21 ga Agusta 1863 William Quantrill da 'yan sari-ka-noƙensa masu goyon bayan kudu suka tsallaka Kansas suka afka wa garin Lawrence, suka kashe maza da yara maza kusan 150. Bayan kwana huɗu Janar Thomas Ewing ya fitar da umarni mai lamba 11: mutanen karkarar gundumomin Jackson da Cass da Bates da arewacin Vernon su bar gidajensu cikin kwana 15, don a hana maharan abinci da mafaka. Wanda ya tabbatar shi mai biyayya ne yana iya komawa kusa da sansanin soja, saura su fice. Kimanin mutum 20,000 aka tayar. Sojojin Kansas suka bi suna wawashe gidaje suna cinna wuta, har aka riƙa kiran yankin ƙonanniyar gunduma, babu abin da ya rage sai bututun hayaƙi a tsaye. Mahaifiyar shugaba Truman tana yarinya tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Bingham ya yi adawa da umarnin, aka ƙi jin sa. Bayan yaƙi ya zana shi. Dattijo mai farar gemu yana tsaye yana fuskantar soja mai zare bindiga, saurayi kwance a ƙasa an harbe shi, mace ta faɗa kansa, ana jefo kaya daga bene, ayarin keken shanu ya miƙe, hayaƙi yana tashi ta ko'ina. Ewing kansa yana kan doki yana kallo. A gefen dama wani baƙin mutum ya rufe fuska yana kuka yana tafiya da yaro. Ya sa aka sassaƙa shi a farantin ƙarfe aka buga da yawa, ya riƙa yawo da shi yana lacca, yana rubutu a jaridu yana zagin Ewing har ƙarshen ransa.

Malam Habibu:
To Alhaji, ga shi nan. Mutum yana ɓangaren da ya ci yaƙi, yana da muƙami, amma ya tona asirin sojan ɓangarensa. Wane ɗan kamfe ne zai yi haka?

Alhaji Garba:
Zulai, 'yata, faɗa masa maganar benen Kansas City. Na san kin sani.

Zulai:
Na sani Baba. Akwai wani bene a Kansas City na dangin matarsa, shi Bingham ya ƙara masa hawa na uku don ya zama ɗakin zanensa. Ewing ya karɓe shi ya mayar da shi wurin tsare mata 'yan uwan maharan. Ranar 13 ga Agusta 1863 ginin ya rufta, mata aƙalla huɗu suka mutu, ciki har da 'yar'uwar Bill Anderson, ɗaya daga cikin mafi rashin imanin maharan. Bayan kwana takwas aka kai harin Lawrence. Bingham ya nemi diyyar ginin, bai samu ba.

Alhaji Garba:
Madalla. An ƙwace masa kujera, ya zana zaɓe. An rushe masa bene, ya zana janar. Ni ban ce ƙarya ya zana ba, an ƙona gidajen, an tayar da mutanen. Cewa nake, ina zanen Lawrence? Mutum 150 aka yi wa kisan gilla a gaban matansu, buroshinsa bai motsa ba. Kuma bawan nan da ya sa yana kuka don an kori ubangidansa, a shekarar da shugaba Lincoln ya yi shelar 'yanta bayi, wa yake so ya yarda da wannan?

Malam Habibu:
Shelar Lincoln ba ta shafi Mizuri ba ranka ya daɗe, tunda ba ta ɓalle ba. Sai Janairun 1865 jihar ta haramta bauta da kanta. Kuma bawa ma in an ƙona gidan da yake kwana, ina zai nufa? Kukansa ba lallai don ubangida ba ne.

Anti Rabi:
Malam, wannan fassararka ce mai kyau, amma dubi ɗayar baƙar macen da ke tallafe da uwargijiyarta da ta suma. Hoton bawa mai biyayya ne irin wanda mutanen kudu suke son gani. Shi ya sa tsofaffin 'yan tawaye suka rungumi zanen duk da mai shi ya yaƙe su.

Ɗan'asabe mai zane:
Ni ta fannin aiki zan yi magana. Zanen umarnin nan bai kai na kogi kyau ba ko kusa. Mutanen sun sandare, kowa ya yi tsayuwar wasan kwaikwayo. Na kogin kuwa, irin na matuƙan jirgin katako da ɗaya ya hau sama yana rawa, ana goge ana kaɗa kwano, wanda ya yi a 1846, za ka ji iska tana kaɗa rigar. Yadda yake aiki shi ne ya zana kowane mutum shi kaɗai a takarda da fensir da tawada, ya ajiye, sannan ya ɗauko ya jera su a kan ƙyalle yadda yake so. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya ya fito a zane biyu. Ke nan babu wata rana guda da waɗannan mutane suka taru a haka. Haɗa su aka yi. In da fushi a zuciya kuwa, haɗin yakan yi tauri, hannu ba ya sakewa.

Zulai:
Takardun nan da kake faɗa suna nan, sama da ɗari. Wani ɗakin karatu a St. Louis ya so sayar da su a shekarun 1970, mutanen jihar suka yi karo-karo har da 'yan makaranta aka saye su don kada a watsa su. Ba don haka ba da an yi asara biyu, domin manyan hotunan da ya zana wa majalisar jiha, na su Washington da Jefferson, sun ƙone a 1911 da tsawa ta faɗa wa ginin a Jefferson City.

Anti Rabi, abin da kike nema kuwa sai a sabon ginin aka zana shi. Thomas Hart Benton, haifaffen Neosho, ya cika bangon wani zaure na majalisar a 1936 da tarihin jihar, aka biya shi dala 16,000. Ya sa cinikin bayi da bulala, ya sa korar mabiya ɗariƙar Mormon, ya sa ɗan fashi Jesse James, ya sa Tom Pendergast uban siyasar Kansas City yana zaune, har da mace tana share wa jariri gindi a wurin taron siyasa. 'Yan majalisa suka harzuƙa, wasu suka ce a shafe da farar ƙasa. Yana nan har yau.

Anti Rabi:
Bayan shekara 71 da hana bautar. Lokacin duk mai sayen bawa ya mutu, ba wanda zai ji kunya.

Malam Habibu:
Ni dai gobe in na shiga aji zan nuna zanen zaɓen, in kuma ba su labarin ƙuri'a ukun nan na Alhaji. Su yara su yanke.

Alhaji Garba:
Ka ƙara musu da cewa Ewing ya tsaya takarar gwamnan Ohio a 1879 ya sha kaye da ƙaramin rata, kuma 'yan adawa sun yi ta jifansa da maganar umarnin nan. Bingham bai ga sakamakon ba, ya rasu a Kansas City a watan Yuli na shekarar. Har yanzu ina jiran wanda zai kawo mana abin da shi Ewing ya ce don kare kansa, tunda shi bai iya zane ba.

Ɗan'asabe mai zane:
Zulai, in kin sake shiga wurin, don Allah ɗauko mini hannun dattijon nan daga kusa, in sun yarda a ɗauki hoto. A waya yatsun sun cakuɗe, ina so in ga ko da siririn buroshi ya bi su.